Bijimin Babi na Tara

A garinmu na Ameriya, idan aka ce marubuci, ba sai an ƙara suna ba, kowa ya san Numeriyus Salbidiyus ake nufi. Siririn mutum ne mai sanƙo da dogon wuya. Ya yi shekara goma sha ɗaya a Rum yana koyon iya magana don ya zama lauya, amma ranar da ya tsaya gaban alƙalai a karon farko sai muryarsa ta maƙale, ya yi ta buɗe baki yana rufewa kamar kifin da aka tsamo. Washegari ya tattara takardunsa ya dawo gonar ubansa, ya ce birni bai san darajar harshe ba.

Gonar tana hannun yayarsa, Salbidiya. Mijinta ya rasu tun da daɗewa, ita kuma ba ta ga dalilin sake wani ba. Gajeriya ce kakkaura, muryarta na kaiwa tsallaken rafi. Tana da amya arba'in a bayan gida, a jere ƙarƙashin itatuwan zaitun, kuma zumarta ita ce ake tambaya da suna a kasuwa.

Numeriyus ya zauna a ɗakin sama ya shiga rubutu. Ya fara da tarihin garinmu, naɗin takarda bakwai, babu mai karatun da ya wuce na farko. Ya bi da littafi a kan abota, ya tara abokansa uku ya karanta musu, biyu daga ciki suka daina bi ta ƙofar gidan. Sai na uku, littafin kiwon zuma, shi ne ya fito da sunansa.

Abin da ba a sani ba a waje shi ne, Numeriyus bai taɓa matsawa kusa da amya ba. Tun yana ɗan shekara shida ƙudan zuma ya shiga masa hanci ya harbe shi a ciki, daga ranar ko ƙuda ne ya wuce da ƙara sai ya sunkuya. Yadda ya yi littafin kuwa, yakan rufe tagarsa ya bar 'yar kafa, ya kasa kunne. Daga ƙasa sai ya ji Salbidiya tana yi wa ma'aikata tsawa:

"Kai shashasha, wa ya ce ka buɗe amya bakinka na warin tafarnuwa? So kake su cinye ka?"

Sai ya tsoma alƙalami ya rubuta: "Ya kamata mai kula da zuma ya tsarkake numfashinsa, domin waɗannan 'yan halittu masu kunya ba sa ƙaunar wari."

Haka ya yi babi takwas cikin damina biyu, zagi yana shigowa ta taga, hikima tana fita ta alƙalami. Da ya duba sai ya ga littafin ya yi masa gajarta. Ya buɗe akwatin tsofaffin littattafan Girkawa, ya tsinci wani bayani da ya burge shi, ya mayar da shi babi na tara: yadda mutum zai samu sabuwar zuma idan tasa ta mutu. A samu bijimi ɗan shekara biyu, a toshe masa hanci, a kashe shi da kulki ba tare da jini ya zuba ba, a kwantar da shi kan ganye mai ƙamshi a ɗaki mai 'yan tagogi huɗu, a liƙe da laka. Bayan kwana talatin da biyu a buɗe, za a tarar da naman ya zama ƙudan zuma. A duk littafin babu babin da ya ƙawata kamar wannan. Yakan karanta wa kansa shi da ƙarfi, har ƙwalla ta taru masa.

Littafin ya je Rum, masu kwafa suka kwafe shi, ya bazu.

Shekara biyu bayan haka, da bazara, furanni sun buɗe, sai ga ɗan aike da wasiƙa. Desimus Kalbentiyus, ɗan majalisar dattawa, tsohon kwamandan yaƙi, yana nan tafe gobe don ya gana da "uban masu kiwon zuma". Numeriyus ya karanta wasiƙar sau huɗu, ya sa aka wanke farin mayafinsa, ya sauko ya karanta wa yayarsa.

Ta ce, "Uban wa?"

"Masu kiwon zuma, Yaya. Haka ya rubuta."

"To, uba, sai ka faɗa mini mutum nawa zai zo da su, in san yawan burodin da za a gasa."

Da hantsi baƙon ya iso: karusa biyu, bayi goma sha biyu, sannan a can baya wani farin bijimi mai sheƙi, an ɗaura masa igiya ja. Numeriyus ya ɗauka kyauta ce, har ya fara shirya jawabin godiya a ransa.

Kalbentiyus ƙaton mutum ne, da tabon mashi a kumatu, da hannu kamar faranti. Ya rungume Numeriyus har ƙashin bayansa ya yi ƙara. Aka kishingiɗa cin abinci: zaitun, cuku, ƙwai, naman ɗan akuya da romon kifi, da giya mai zuma. Baƙon bai ko kalli akushi ba, ya shiga kawo littafin da ka.

"Malam, ka san me ka yi mini? Da na ajiye takobi na rasa abin yi, har na fara yi wa masu shara faretin safe. Littafinka ne ya cece ni. Amya sittin gare ni yanzu. Babi na biyu, inda za a ajiye su, daidai. Babi na biyar, maganin gudawar zuma, kamar yankan wuƙa. Babu kalma ɗaya da ta ba ni kunya."

Numeriyus ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan ƙoƙari ne kawai." Wuyansa ya ƙara tsawo.

"Sai babi na tara."

Salbidiya ta shigo ke nan da tasar ɓaure. Ta tsaya.

Kalbentiyus ya yi ajiyar zuciya. "Laifina ne, na sani. Na farko na bi komai yadda ka faɗa. Da muka buɗe ɗakin, ƙudaje ne, Malam, koraye, manya, da tsutsa har gwiwa. Na ce wataƙila tagogin sun yi faɗi. Na sake gina ɗaki, na sake kashe wani bijimin. Wannan karon warin ya kai gonar maƙwabci, karnukansa suka gudu. Uwargidana Fabrisiya ta kwashe kayanta ta koma gidan wanta, ta ce ba za ta dawo ba sai na warke. Wata biyar ke nan. Shi ya sa na ce, Desimus, bar wahalar da kanka, tafi wurin mai abin. Ga bijimi na kawo, ga magina, ga kulake. Ka yi a gabana in gani."

Salbidiya ta dire tasar a hankali ta ce, "Ƙanena, zo ka duba mini wani abu a ɗakin ajiya."

Tana rufe ƙofa ta juyo. "Wace zuma ce ke fita daga mushe?"

"Yaya, yi a hankali, zai ji."

"Na ce wa ya gaya maka?"

"Girkawa ne suka rubuta. Manyan masana."

"Girkawan sun ɗanɗana maka zumar? Shekara talatin ina wannan aiki, mushen jaki, mushen kare, wane ne ban gani ba a bakin rafi? Ka taɓa ganin na je da tulu? Bijimi biyu! Da matar aure! Kai ko kaza ba ka iya riƙewa a yanka."

"Ai sauran babi takwas ɗin daidai suke."

"A ina ka samo su?"

Ya dubi tulunan mai. Ya dubi rufi. Ta zuba masa ido, sai can ta gane, ta kama haɓa.

"Au! Ashe shi ya sa kullum tagar nan take a ɗan buɗe, ko da sanyi. Ni ina cewa iska kake sha. To, fita ka faɗa masa."

"Yaya, kin ga hannunsa kuwa? Mutumin nan ya ci garuruwa da yaƙi. Ba ni kwana uku, zan san dabara."

Ta ce, "Kwana uku. Amma ka ji da kyau, ko gashi ɗaya na bijimin nan ba za a taɓa a gonata ba."

Rana ta farko Numeriyus ya fito tsakar gida, ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya girgiza kai. Ya ce iskar kudu ce ke kaɗawa, ba a fara wannan aiki sai da ta yamma. Kalbentiyus ya bugi cinya ya ce, "Ka gani! Wannan ba ya cikin littafin. Ashe nan na kuskure." Ya sa magatakardansa ya rubuta. Sannan ya ce tunda ana jiran iska, bari magina su fara ɗakin.

Rana ta biyu baƙon ya nemi a zaga da shi wurin amya. Numeriyus ya riga ya shirya: tun da sassafe ya shiga madafa ya tauna tafarnuwa dunƙule biyu, hawaye na zuba. Ya huro wa baƙon numfashi ya ce, kash, ga abin da ya faru, kuma babi na uku ya hana. Kalbentiyus ya ja da baya, ya ce bai taɓa ganin malami mai bin dokar kansa haka ba. Nan take ya sa bayinsa suka kwashe duk tafarnuwa da albasar gidan suka kai karusa suka tsare. Salbidiya ta dafa wake babu albasa, ta dire wa ƙanenta nasa.

Da la'asar Numeriyus ya zaga bayan rumbu don ya yi tunani. Ɗakin ya kai rufi, ga tagogi huɗu, ga kulake shida an jingine. Bijimin na ɗaure a gindin ɓaure yana tuƙa. Da ya ga mutum sai ya miƙo kai ya lashi hannunsa da harshe mai kaushi, ya dube shi da manyan idanu. Numeriyus ya tuna jimlar da ya fi so a babin, inda ya ce dabbar "takan ba da ranta domin dubban rayuka masu fukafukai". Da yake rubuta ta bai taɓa kawo wa ransa cewa bijimin yana da gashin ido ba. Ya daɗe a wurin yana sosa masa goshi, dabara kuwa ko ɗaya ba ta zo ba.

Rana ta uku iska ta juyo daga yamma, kamar da gayya. Kalbentiyus ya fito da kuzari, ya kamo hannun Numeriyus ya ce kafin a fara, sai sun gaida zumar gidan. Ya ja shi kamar akuyar da za a kai kasuwa. Suna isa itacen zaitun na farko, Numeriyus ya ji wata ƙara da ta fi ta kullum. Daga wata amya ƙudan zuma ke ta ɓulɓulowa, suka yi baƙi ƙirin a sama suna juyawa. Sabon sarkin zuma ya fito, rabin gidan za su ƙaura.

Kalbentiyus ya yi ihu don murna. "Babi na huɗu! Malam, babi na huɗu! A buga tagulla su sauka!" Ya fizgo wani daron tagulla da ke rataye a reshe, da muciya, ya danƙa masa. "Yi, Malam, yi in gani!"

Gudu ba zai yiwu ba. Numeriyus ya runtse ido ya shiga dukan daro kamar mai kiran gobara. Ko don ƙarar ne, ko don shi ne dogon abu mafi kusa, oho. Sarkin ya sauka a kafaɗarsa ta hagu, inda mayafi ya yi ninki. Sauran suka biyo. Kafin a ƙirga ashirin, tun daga kunnensa har gwiwar hannu ya zama dunƙulen zuma mai motsi, mai ɗumi, mai nauyi kamar jariri. Daron ya faɗi. Numeriyus ya sandare, hannu a miƙe, kamar gunkin da ke dandalin kasuwa.

Kalbentiyus ya rage murya don girmamawa. "Na rantse da allolin gidanmu, dubi yadda suka san ubangidansu."

Sai ga Salbidiya ta taho ba gaggawa, da tukunyar hayaƙin kashin shanu a hannu ɗaya, sabuwar amya a ɗayan, da reshen ganye a hammata. Ta ajiye su. Ta zagaya ƙanenta ta dube shi gaba da baya.

Ya ce ta gefen baki, leɓe ba ya motsi, "Yaya. Yaya, taimake ni."

"Kada ka yi motsi. In ka yi atishawa, sai dai mu haɗu a lahira." Ta gyara tsayuwa ta naɗe hannu. "Yau kwana uku, ƙanena."

"Kwashe su tukuna."

"Faɗa tukuna. Ba sa son hayaniya, amma ƙaramar murya ba ta dame su ba. Ai ka rubuta."

Wata zuma ta hau kan leɓensa na sama tana leƙen hancinsa. Numeriyus ya ga mutuwa ido da ido, ya ga kuma kulkin Kalbentiyus ya fi sauƙi.

"Ranka ya daɗe," ya ce da 'yar siririyar murya, "ban taɓa kiwon zuma ba. Tsoronsu nake ji. Babi takwas na Yaya ne, ta taga na ji. Na tara a littafi na gani. Ban gwada ba. Ba na jin akwai wanda ya taɓa gwadawa, sai kai."

Salbidiya ta ɗaga tukunya ta busa hayaƙi a hankali, ta tara amyar a ƙarƙashin hannunsa, ta lalubo sarkin da yatsu biyu ta saka a ciki, ta share sauran da ganye kamar mai share gari a faifai. Ɗaya tak ta harbe shi, a fatar ido. Yana jin nauyin ya sauka, sai ya zauna a ƙasa daɓas.

Tabon kumatun Kalbentiyus ya yi ja. Ya juya ya nufi bayan rumbu, ya ɗauki kulki ɗaya. Numeriyus ya rufe idon da ya rage masa. Sai aka ji dam, dam, dam. Tsohon kwamandan ne ke rushe sabon ɗakin shi kaɗai, bayinsa na tsaye nesa ba mai ƙarfin halin matsawa. Sai da ya mayar da shi tarin ƙasa, sannan ya jefar da kulkin, ya wanke fuska a bakin randa, ya dawo yana haki. Ya wuce Numeriyus kamar bai gan shi ba, ya tsaya gaban Salbidiya ya ɗan rusuna.

"Uwargida, amyata uku suna yin kaki baƙi, zumar tana tsami. Mene ne?"

Ta ce, "A ina ka ajiye su?"

"Kusa da wurin wanka."

"To wane mai hankali ne zai ajiye zuma kusa da ruwan wanka? Kai da ka jagoranci mayaƙa?"

Bayi suka sunkuyar da kai, suna jiran ƙasa ta tsage. Kalbentiyus kuwa sai ya waiwayi magatakardansa ya ce, "Rubuta."

Kwana huɗu ya ƙara a gidan yana bin ta daga amya zuwa amya, tana zaginsa yana godiya. Bijimin ya bar mata. Numeriyus kuwa hukuncinsa biyu ne: zai rubuta gyara a aika wa masu kwafa a Rum, kuma zai bi baƙon har gidan wan matarsa ya faɗa wa Fabrisiya da bakinsa cewa mijinta ba mahaukaci ba ne, yarda ce ta yi masa yawa.

Tafiyar kwana biyu ce. Suka sami Fabrisiya a inuwar inabi tana kaɗi, doguwar mace mai furfura da idon da ba ya ƙiftawa. Numeriyus ya tsaya da kumburarren ido ya faɗi abin da ya kawo shi. Ta saurara har ƙarshe, mazari na juyawa.

Ta ce, "Kai ne mai littafin."

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Na ɗauka za ka fi haka girma. Labulen ɗakina har yau warin yake. Me kake rubutawa yanzu?"

Numeriyus ya ɗan sami ƙarfi. "Wani ɗan littafi ne a kan zaman aure, da yadda miji zai tafiyar da gidansa."

"Kana da mata?"

"A'a."

Ta ajiye mazarin. Ta dubi mijinta, wanda tuni idonsa ya yi haske da jin sabon littafi. Ta ce za ta koma gida yau ɗin nan, bisa sharaɗi ɗaya: a kawo mata wannan rubutun, duk inda ya kai, kafin wani mahaluki ya gani. Numeriyus ya aiko mata da shi cikin mako. An ce da shi aka hura wutar gidan wanka, kuma ruwan ya yi zafi sosai.

Gyaran ya isa Rum, shafi ɗaya ne, a sarari, babu ado. Masu kwafa suka duba suka ce ba shi da daɗin karatu, kuma masu saye babi na tara suke fara tambaya. Kaɗan ne suka liƙa shi a ƙarshen naɗi. Har Numeriyus ya tsufa wasiƙu ba su daina zuwa ba, daga Sisiliya, daga Hisfaniya, daga wani tsibiri da bai taɓa jin sunansa ba, kowa na tambayar ko tagogin ne suka yi faɗi. Yakan amsa kowace da hannunsa, ranar da ta zo, ya roƙi mai ita ya bar dabbarsa ta yi noma.

Da kakar shekarar da baƙon ya zo Salbidiya ta ce tunda sunansa ne a kan littafin, sai ya buɗe amya ko sau ɗaya. Ta naɗe masa kai da tsumma, ta ba shi tukunyar hayaƙi, ta tsaya a bayansa da reshe don kada ya gudu. Ya sha harbi goma sha ɗaya. Ya fito da saƙa guda, rabinta ya murƙushe, ya zauna a kan dutse ya cinye ta har kakin, zuma na bin gwiwar hannunsa, yana kuka yana cewa a ƙaro masa burodi.